HAƘƘIN ƘANNENKA A KANKA: NASIHA GA SAMARI A KAN NEMAN SHIGA JAMI'A

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ɗaukaka ilmi da ma'abotansa, ya wajabta gaskiya a cikin kowace mu'amala. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi Musulmi, wannan ɗan littafi kai aka nufa da shi, musamman idan kana cikin waɗanda Allah ya buɗe wa ƙofa suka taka jami'a, ko kwalejin ilmi, ko kwalejin kimiyya da fasaha, ko da shekara guda ce ka yi a ciki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani dattijo manomi da ya tare ni a ƙofar masallaci bayan sallar Asuba, yana riƙe da leda cike da takardu. Ya ce, "Malam, ka duba mini wannan, an ce yaron nan ba zai tafi hidimar ƙasa ba." Yaron yana tsaye a bayansa, kai a sunkuye. Shekara huɗu ya yi yana karatu a wata makaranta, ya ci jarrabawa, ya gama. Da aka zo fitar da sunaye sai aka ce babu sunansa a rajistar hukumar JAMB, watau a wurin hukuma bai taɓa shiga makarantar ba. Na tambayi dattijon yadda aka sami gurbin tun farko. Ya ce wani mutum ne mai jaka, wanda ake cewa ya san manya, ya karɓi kuɗin shanun huɗarsa guda biyu, ya kawo takarda mai hatimi. Na ce, "Baba, ba ka nemi shawarar kowa ba?" Ya ce, "Wa zan tambaya, Malam? Yaran unguwa da suka yi boko, in sun gaishe ni sai su wuce."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. A sahun masallacin nan kaɗai na san samari masu digiri da difloma da ba su ƙirguwa da yatsun hannu guda. Kowannensu ya san cewa gurbin da bai bi ta hukumar JAMB ba fanko ne. Da ɗayansu ya zauna da dattijon nan na minti goma a gindin bishiya, da shanunsa suna nan, da shekara huɗun yaron ba su shiga rigima ba. To, wa za a tambaya ranar ƙiyama? Mai jaka yana da nasa hisabin, babu shakka. Amma kai da ka sani ka yi shiru, kada ka ɗauka ka kuɓuta.

HUKUNCIN AL'AMARIN

Ka sani, ya ɗan'uwa, ilmin da ake tsayar da addini da shi a kan kowane mutum, kamar sanin tauhidi da tsarki da salla, farilla ce a kan kowa, kuma babu digirin da yake ɗauke maka ita. Sa'an nan akwai ilmin da al'umma ba ta rayuwa sai da shi, wanda malamai suka kira farillar kifaya, watau idan wasu suka tsaya da shi an ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Imam Gazali a cikin Ihya'u Ulumid Dini ya ƙirga likitanci da lissafi a cikin wannan kashi. Malaman tarihi sun ambata cewa bayan yaƙin Badar, fursunonin da ba su da abin fansa, waɗanda suka iya rubutu, an sanya fansar kowannensu ya koya wa yaran Madina goma rubutu. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu, Allah ya yarda da shi, ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙu da rubuta amsa.

Akwai ƙa'ida a wurin malaman usulu cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to, shi ma ya zama wajibi. A ƙasarmu yau babu wanda zai zama likita, ko injiniya, ko lauya, ko malamin sakandare, sai ya bi ta wannan ƙofa ta neman gurbin karatu. Saboda haka nuna wa mutane ƙofar, da riƙe hannunsu har su shiga, yana cikin aikin addini. Ba sharholiyar 'yan boko ba ce.

Zamani ya juya. Kakanninmu an yi lokacin da ake bin su gida gida ana neman yaran da za a kai makaranta, wasu iyaye har ɓoye 'ya'yansu suke yi a rumbu. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Zariya a 1962, ta Sakkwato da ta Maiduguri suka biyo baya a 1975, ta Bayero a Kano ta tsaya da ƙafarta a 1977. A wancan lokaci kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta da kanta, har aka kafa hukumar JAMB a 1978 domin a haɗa abin wuri guda. A 2025 yara kusan miliyan biyu suka zauna jarrabawar wannan hukuma, kuma a sakamakon da aka fara fitarwa, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba daga cikin 400. A cikin irin wannan cunkoso, yaron da mahaifinsa ma'aikaci ne yana da mai yi masa jagora a gida. Ɗan manomi da ɗan dako da maraya, kai ne jagoransu, in ka ƙi babu wani.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Ka fara da suna. Za ka yi mamaki in na ce yara da yawa a Arewa ba jarrabawa ce take kayar da su ba, suna ne. Yaro a gida Mamman ne, a firamare an rubuta Muhammadu, a sakandare malami ya rubuta Mohammed ya liƙa masa sunan garinsu, a katin ɗan ƙasa kuma sunan kakansa aka sa. Ranar haihuwa kowace takarda da tata. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda ake kira NIN, kuma abin da yake cikin wannan lamba, na suna da shekaru, shi ne hukumar take ɗauka. Idan ya saɓa da abin da yake kan sakamakon WAEC ko NECO, to, rigima tana jiran yaron a ranar tantancewa, bayan an gama kashe kuɗi. Saboda haka tun yaro yana aji biyar na sakandare, ka sa a shimfiɗa takardunsa duka a kan tabarma, a karanta harafi harafi, abin da ya saɓa a je ofishin katin ɗan ƙasa a gyara shi a kan gaskiya.

Na ce a kan gaskiya, domin a nan Shaiɗan yake fara shigowa. Gwamnati ta tsayar a 2025 cewa mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 16 ne. Sai wani ya ƙara wa ɗansa shekara, wani kuma ya rage domin hangen aikin gwamnati, a je kotu a ɗaga hannu a yi rantsuwa a kan ƙarya. Wannan shaidar zur ce. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan da ma ya yi shiru, don tausaya masa. Haka nan takardar shaidar asali ta ƙaramar hukumar da mutum bai taɓa taka ta ba, da aka saya don a ci rabon wata jiha. Kada hannunka ya shiga wannan.

Sa'an nan layin waya. Da shi ake aika lambar NIN zuwa 55019 ko 66019 a karɓo lambar buɗe rajista, kuma wannan layi ya zama na yaron ke nan a wurin hukuma, ta nan saƙonni za su riƙa zuwa. Kada a yi da layin mai shagon kwamfuta, kada a yi da na aboki, kai ma kada ka yi da naka don kana taimako. A saya wa yaro nasa, a adana shi kamar takardar gona. Rajistar kanta kuma a cibiyoyin da hukumar ta amince da su kaɗai ake yin ta, inda ake ɗaukar hoto da zanen yatsu. Duk mai shagon da ya ce a kawo kuɗi zai yi a ɗakinsa, ƙarya yake yi.

Jarrabawar a kwamfuta ake yin ta, an daina ta takarda gaba ɗaya tun 2015. Darussa huɗu ne, Turanci dole ne ga kowa, tambayoyi 180 a cikin awa biyu. Ka yi tunanin yaron ƙauye da bai taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba sai ranar. Ya san amsa, amma rabin lokacinsa ya tafi wajen neman inda zai danna, hannu yana rawa. Idan kana da kwamfuta, ko ta aro ce, ka tara su ranar Asabar su taɓa ta, su saba da ita. Wallahi wannan sadaka ce da ba ta cin ko kwabo.

Zaɓen darussa ukun da suka rage shi ne ramin da ya fi cin mutane. Mai son likitanci sai ya haɗa Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Mai son injiniya sai Lissafi da Fiziks da Kimistiri. Mai son lauya ba ya tsallake Adabin Turanci. Yaro zai iya cin maki 280, amma idan ya haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗin da ya nema ba, kamar wanda ya yi salla raka'a huɗu masu kyau ba da alwala ba ne. Haka sakamakon sakandare: ana neman kiredit biyar a darussan da suka dace, har da Turanci, a zama ɗaya ko biyu, kuma jami'o'i da yawa ba sa karɓar zama biyu a likitanci. Lissafi dole ne ga masu kimiyya da fasaha da ilmin zamantakewa, amma a 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sanar da sassauta shi ga masu fannin adabi. Hukumar JAMB tana da kundi da ya jera sharuɗɗan kowane kwas a kowace makaranta. Ka buɗe na shekarar da ake ciki ka karanta wa yaron da mahaifinsa. Kada ka ba da fatawa da abin da ka sani shekara bakwai da suka wuce, domin waɗannan dokoki suna canjawa, kuma faɗin "bari in duba" bai taɓa rage darajar kowa ba.

Akwai abin da iyaye suke yawan ruɗewa a kansa. Za su ji a rediyo an ce makin shiga jami'a 150 ne, kamar yadda aka tsayar a 2025, na kwalejojin ilmi da na kimiyya da fasaha kuma 100, sai uba ya ce ai ɗana ya ci 190, me ya hana a ba shi likita, lalle an yi mana zalunci. Ka fahimtar da shi cewa wancan adadi dokin ƙofa ne kawai, ƙasa da shi ba a ko sauraron mutum. Kowace jami'a tana da nata makin, kowane kwas da nasa, kuma tun 2005 jami'o'i suna yin tasu tantancewar bayan ta JAMB. Gurbin likitanci ma ƙidayayye ne, majalisar likitoci ta ƙasa ce take yanka wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari a kan cancanta zalla, 35 ga jihohin da suke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka ƙidaya a matsayin waɗanda suka yi baya a ilmin zamani, kuma galibin jihohin Arewa suna ciki. Ma'anar wannan ita ce, yaro mai matsakaicin maki ya fi kusa da samu idan ya zaɓi jami'ar yankinsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Daga ƙarshe sai ƙofar da ta kayar da dattijon nan. Tun 2017 duk wani gurbi na halas yana bi ta wani tsari na hukumar JAMB da ake kira CAPS. Makaranta ta miƙa sunan yaro, hukumar ta amince, sa'an nan yaron da kansa ya shiga shafinsa ya danna ya karɓa ko ya ƙi, ya buga takardar shaidar samun gurbi daga hukumar. Kafin nan sai an tabbata an ɗora sakamakonsa na sakandare a shafin, in ba haka ba ba za a ko duba shi ba. Yara nawa aka ba gurbi, wa'adi ya wuce ba su karɓa ba, don babu wanda ya ce musu su duba? Ka koya wa kowane uba tambaya guda: "Ya fito a CAPS?" In amsa a'a ce, kada ya biya ko sisi, ko da takardar tana da hatimi goma.

HANYOYIN DA ALLAH YA HANA

Idan lokacin jarrabawa ya matso, kasuwar mutum uku takan buɗe: boka, da mai satar amsa, da dillalin gurbi.

Boka dai, ko ya yi rawani ya riƙe carbi, boka ne, matuƙar yana da'awar sanin gaibu. Za a kai masa sunan yaro da na uwarsa, ya buga ƙasa, ya ce gurbin yana nan amma akwai kishiya da ta tare shi, a kawo baƙin bunsuru. Da can alƙalami suke sayarwa wanda aka yi wa tofi. Yanzu da abin ya koma kwamfuta ban san me suke tofawa ba. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Wane digiri ne ya kai wannan? Ga gaba da ake shukawa tsakanin matan gida guda a kan ƙarya. Addu'a kuwa ƙofarta a buɗe take, babu mai gadi. Uwa ta tashi cikin dare ta roƙa wa ɗanta, yaro ya roƙa da bakinsa a cikin sujadarsa, sa'an nan ya buɗe littafi. Haka istihara: raka'a biyu ce da addu'ar da Annabi ya koyar, mai buƙata shi yake yi da kansa. Ba kwangila ba ce da ake ba wani malami ya kwana ya yi mafarki ya kawo amsa da safe.

Satar amsa kuwa ta zama ruwan dare har wasu iyaye masu salla a sahun farko suna biyan kuɗi a kai 'ya'yansu makarantun da aka san ana rubuta amsa a allo ranar jarrabawa. Wasu su yi hayar wani ya zauna a madadin yaro. Wasu su tura kuɗi ga wanda ya yi musu alkawarin zai shiga kwamfutar hukuma ya ƙara maki, alhali takardar bogi kawai zai buga musu. Ka tuna da mai sayar da hatsi a kasuwar Madina, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibinsa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya tsame mai algus daga cikin jama'arsa. Wannan a kan tsibin hatsi ne. To, ina ga wanda ya yi algus a takardar da za ta ba shi damar riƙe wuƙar tiyata a kan cikin mahaifiyarka, ko auna ƙarfen gadar da za ka bi? Kuma albashin da zai ci shekara talatin da biyar a kan wannan takarda, wa zai tsarkake masa shi?

Wani saurayi ya ce mini, "Malam, kowa yana yi, in namu ba su yi ba za a bar mu a baya." Na ce masa an daɗe ana yi, ga mu nan kuwa muna ganin mai satifiket da ba ya iya rubuta takardar neman aiki. Ba a cike giɓin ilmi da takarda. Wanda yake kishin al'ummarsa da gaske, ya buɗe aji a zauren gidansu ya koyar da Lissafi kyauta.

Dillalin gurbi shi ne ya fi wuyar ganewa, domin yakan zo da sunan taimako, abin da yake karɓa kuma ba ya kiransa rashawa, sai ya ce na goro, ko kuɗin mai. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito la'anar Annabi a kan mai ba da rashawa da mai karɓa. Ka lura da wani abu. Gurabe ƙidayayyu ne. Duk kujerar da aka sayar wa wani, an zare ta ne daga ƙarƙashin wani yaro da ya fi shi maki, wanda ba ka san shi ba, wataƙila maraya ne a wani ƙauye yana ta duba waya yana jiran saƙo. Ba za ka taɓa ganinsa a duniya ba balle ka nemi gafararsa. A can za ku haɗu.

To, alfarma fa? Wani zai ce ni ban ba da kuɗi ba, kawuna ne kawai ya rubuta ɗan kati. A nan akwai rarrabewa. Idan yaro ya cika sharaɗi, makinsa ya kai, aka manta da shi ko aka danne shi, ka je ka yi masa magana, ka tsaya masa, wannan ceto ne mai kyau kuma akwai lada. Hukumar ma tana da hanyar kai ƙara ta intanet, kuma ba ma'asumiya ba ce: a watan Mayu na 2025 shugabanta, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban jama'a ya amsa cewa an sami kuskuren na'ura da ya taɓa sakamakon yara kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, ya nemi afuwa, aka sake musu jarrabawa. Saboda haka neman haƙƙi ba laifi ba ne. Amma idan katin kawu zai ɗaga mai 180 ya ɗora shi a kan mai 250, to, sunansa zalunci, ko da ba a ba da ko goro guda ba.

A CIKIN GIDA

Wani lokaci matsalar ba a ofis take ba, a zaure take. Uba ya rantse sai ɗansa ya zama likita, yaro kuwa ya zauna jarrabawa sau uku yana faɗuwa a Kimistiri, ga shi in an ba shi Larabci ko Tarihi ba a kama ƙafarsa. A nan ake son hikimarka. Kada ka shiga gidan mutum ka nuna masa ka fi shi sani a gaban 'ya'yansa. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, na zo da wata shawara ne, in ka ba ni izini." Ka nuna masa makin da ake nema da wanda yaro yake samu, ka bar shi ya auna da kansa. Dattawanmu ba su ƙin gaskiya in an kawo ta da ladabi. Yaron kuma ka ja shi gefe ka gaya masa cewa biyayya ga iyaye tana nan, ba a ɗaga musu murya don an iya Turanci.

Ka sanar da su kuma cewa ƙofa ba guda ba ce. Wanda ya yi NCE a kwalejin ilmi, ko difloma, ko ya yi karatun share fage na IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi, yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Akwai makarantun share fage irin ta Funtuwa. Akwai kwalejojin koyon jinya da ungozoma da kiwon lafiya. Ɗaliban makarantun Islamiyya da suka yi jarrabawar NBAIS su ma takardarsu tana shigar da su. Yaron da ya zauna shekara huɗu a gida yana jiran kwas guda, da ya bi ɗaya daga cikin waɗannan da yanzu ya kusa gamawa. Wanda kuma ya faɗi bana, kada a mai da shi abin zunɗe a gida, a riƙa yi masa gori da ɗan maƙwabta. Mun ga yaran da baƙin cikin wannan ya jefa su shaye-shaye. Ka neme shi, ka zauna da shi, ku duba inda aka sami rauni, ya kama sana'a da rana, ya yi bita da dare.

Maganar kuɗi kuma a yi ta tun da wuri, kada a jira sai gurbi ya fito a fara zagayen neman bashi mai ruwa. Jihohi suna da hukumomin tallafin karatu. A 2024 an kafa dokar asusun lamunin ɗalibai na tarayya, NELFUND, wanda yake ba ɗaliban makarantun gwamnati bashi babu ruwa, a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ka ji na ce hidimar ƙasa, ban ce bautar ƙasa ba, domin bauta ta Allah ce shi kaɗai. Amma ka gaya wa mai karɓa cewa bashi ne, ba rabon ganima ba, ya karɓa da niyyar biya. Masu hali na unguwa kuma a je a same su da suna da adadi a rubuce: yaro wane, kwas kaza, kuɗin rajista kaza. Mutane sun fi sakin hannu in sun ga abu a fili.

Ban manta da 'yan mata ba. Kai ne mai fushi idan ka kai matarka ko mahaifiyarka asibiti ka tarar namiji ne zai duba ta. To, likita mace daga sama za ta faɗo? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da suke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ita ta kafa tsarin 'yan taru na koyar da mata a garuruwa da ƙauyuka. Ƙanwarka tana da haƙƙi a kanka kamar ƙanenka. Ka raka ta cibiyar rajista, ka raka ta ranar jarrabawa, ka bincika mata masauki na mutunci. Ka gaya mata kada ta sa lalle a yatsu idan rajista ko jarrabawa ta matso, domin na'urar ba ta karanta zanen yatsan da lalle ya rufe, kuma hukumar ta yi gargaɗi a kan haka. Hijabinta kuwa babu dokar hukumar da ta hana shi.

Idan 'yar maƙwabta ce, to, ka ji tsoron Allah. Ka bi ta hannun mahaifinta ko yayanta, a zauna a zaure a gaban mutane. Lambar wayarta da ka gani a takarda amana ce, ba hanyar zance ba ce. In aure kake so ka san ƙofar da ake bi. Haka lambobin sirri na shafin kowane yaro, da makin da ya ci, da talaucin gidan da ka gani: abin da ka gani a zauren mutum ya tsaya a zauren.

Abin da nake roƙonku, samarin kowane masallaci, bai fi ƙarfinku ba. Rajista takan buɗe a farkon shekara, jarrabawa ta biyo bayan 'yan watanni. Tun kafin nan, ku sami liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a cewa duk mai yaro a ajin ƙarshe na sakandare ya zo da takardunsa ranar kaza bayan La'asar. Ku sa tebur guda da littafi guda, ku rubuta sunan kowane yaro da abin da ya rage masa, ku raba su a tsakaninku, kowa ya bi nasa har ranar da zai danna ya karɓi gurbi. Kada ku karɓi ko kwabo, kada ku tambayi uba wace ƙungiya yake bi ko yaya yake riƙe hannu a salla. In maƙwabcinku wanda ba Musulmi ba ya kawo ɗansa, ku duba masa, haƙƙin maƙwabtaka bai faɗi ba.

Shi kuwa dattijon nan, mun rubuta takardar koke, an yi ta kai da kawowa tsakanin makarantar da hukuma, mai jaka kuma ba a sake ganinsa ba. Amma yana da wani ɗan ƙarami a aji biyar. Ran nan wasu samari biyu daga sahunmu suka je zaurensa suka baje takardun yaron, suka tarar sunansa iri uku ne, ranar haihuwa iri biyu. Sun ce ranar Litinin za su raka shi ofishin katin ɗan ƙasa.

Allah ya sa mu dace. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.